Gashin zomona ya dunƙule, mataji ba ya shiga: wanka ko aski?

Wata Hajiya daga unguwar Yantala a nan Yamai ta aiko da tambaya. Ta ce wata biyar ke nan da ta saya wa ɗiyarta farin zomo mai dogon gashi. Da farko gashin kamar auduga, yanzu kuwa ya dunƙule a bayan kunnuwa da ciki da gindin wutsiya, har mataji ba ya shiga. Ta yi masa wanka da sabulu sau biyu, abin sai ƙaruwa ya yi, ga zafi ya fara. Tana son ta san yadda za ta yi.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika yi tambaya tun bazara ba ta kankama ba. Abin da zan fara roƙonki shi ne ki ajiye sabulu da bokiti, kada a sake jiƙa zomon nan. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, domin mu a kanmu idan gashi ya cukurkuɗe, ruwa da mai ke sassauta shi kafin a tsefe. Gashin zomo ba haka yake ba. Ulu ne, silinsa ya fi na gashin mutum siranta ninki huɗu ko biyar, kuma abin da ke sa ulu ya kama juna ya zama fata guda shi ne laima da ɗumi da guga. Da su ake yin hular dara. Kin jiƙa shi, kin cuɗa da sabulu, kin goge da tawul, jikinsa kuma da ɗuminsa, wato duk aikin da mai yin dara ke yi an yi wa gashin nan. Shi ya sa bayan kowane wanka ƙullin ke ƙara tauri. Ban da wannan, saman gashin ne kawai ke bushewa. Abin da ke manne da fata yana iya kwana biyu a jiƙe, fatar ta yi laushi ta fara gyambo ba wanda ya gani. Kuma zomo dabba ne mai tsoro ƙwarai, ƙashinsa ba nauyi, ƙafafun bayansa kuwa da ƙarfi. Idan ya firgita cikin ruwa ya yi harbi, yana iya karya ƙashin bayansa da kansa.

Yadda kika kwatanta shi, ko dai angora ne, ko ruwa-biyu mai jinin angora. Sunan daga Ankara ya samo asali, babban birnin Turkiyya, wanda Turawa suka daɗe suna kira Angora, kuma a 1723 aka kai irinsa Faransa. Ba don ado aka yi ta zaɓen wannan iri ba, don ulu ne. Ana so gashin ya yi ta tsawo, wajen santimita 3 a wata, a aske duk bayan wata uku a sayar wa masaƙa. Har yau haka ake yi a ƙasar Sin, wadda ke fitar da mafi yawan ulun angora na duniya. To ki duba, masu kiwonsa a ƙasashen da ke da sanyi ma ba sa barin gashin ya wuce wata uku ko huɗu a jikinsa. Naki ya yi biyar, a Yamai. Zomon gida da muka saba da shi yana gyara jikinsa da harshe kamar kyanwa, wannan kuwa gashinsa ya fi ƙarfin harshensa, dole mai shi ya ɗauki aikin.

Kafin ki taɓa almakashi, ki fara sanin girman ɓarnar. Ki zaɓi bayan sallar asuba, lokacin da gari ke da sanyi. Ki zauna a kan tabarma a ƙasa, ba kan tebur ba, don ko ya kuɓuce ba zai faɗo daga sama ba. Ki shimfiɗa tawul a cinyarki, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya ya tallafi gindinsa. Kada a ɗaga shi da kunne, ko da kin ga masu sayarwa a kasuwa suna yi. Kunne ba mariƙi ba ne, cike yake da jijiyoyin jini, kuma ta nan zomo ke fitar da zafin jikinsa. Idan ya natsu, sai ki hura gashin da baki. Inda gashin ya buɗe kika ga fata, wurin lafiya lau yake. Inda kika hura bai motsa ba, akwai ƙulli a ƙasa ko da saman ya yi kyau a ido. Yawancin mutane nan suke ruɗuwa: suna taje saman kullum, zomo yana ta sheƙi, alhali a ƙasa bargo ya riga ya shimfiɗu. Ki bi da yatsu ta ƙeya, ƙarƙashin haɓa, hammata, matsematsi da kewayen wutsiya, domin wuraren da jiki ke guga ne ke fara kamawa.

Ƙaramin ƙulli mai girman goro, wanda bai kai fata ba, yatsu sun ishe shi. Ki barbaɗa masa ɗan garin sitacin masara, irin Maïzena da ake sayarwa a shaguna, ki murza a hankali. Garin yana sa silin gashi ya yi santsi ya saki juna. Kada ki sa hodar jarirai, kada ki sa man kaɗanya ko basilin, don zai lashe, kuma mai yana kama ƙura ya ƙara damƙare wurin. Sai ki riƙe gindin ƙullin da yatsu biyu, yadda ake riƙe gashin yarinya in ana tsifa don kada ta ji zafi, ki yage shi gefe da gefe kaɗan-kaɗan. Bayan nan ki sa mataji mai faɗin haƙora, na ƙarfe ya fi, ki fara daga bakin gashi kina gangarowa zuwa tushe. Wanda ya fara daga tushe ya ja, fata yake ja.

Ƙullin da ya fi ƙarfin yatsu sai almakashi, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki, don a nan ake garin neman gira a rasa ido. Fatar zomo siririya ce, tana miƙewa kamar roba. Idan kika ɗaga ƙulli sama, fatar tana biyo shi ta shige cikinsa kamar ɗan tanti, ke kuma kina ganin gashi ne zalla. Wata bazara an kawo mini zomanya naɗe cikin zane. Mai gidan ya sa reza zai cire mata ƙulli ɗaya a hammata. Yankan da ya yi bai kai faɗin farce ba, amma kafin su iso fatar ta buɗe ta kai tsawon yatsa, domin fatar zomo in ta samu baki sai ta yi ta yagewa. Sai da muka sa mata barci muka ɗinke. Mutumin yana tsaye hannunsa na rawa, yana ta cewa shi gashi kawai ya yanka. Gaskiyarsa ce, abin da idonsa ya gani ke nan.

Don haka reza da aska ki cire su daga lissafi. Almakashi ƙarami mai dakusasshen baki za ki nema. Ki zura mataji a kwance tsakanin fata da ƙullin, har ki ga haƙoransa sun fito ta ɗaya gefen, sannan ki yanka a saman matajin. Mataji shi ne katangarki. Idan ya ƙi shiga, kada ki yanka a kwance ko kaɗan. Ki soka bakin almakashin cikin ƙullin yana kallon waje, nesa da jiki, ki tsaga shi gida uku ko huɗu kamar ana tsaga rake, ki koma ki bi kowane yanki da yatsu da garin masara. Ɗan abin da ya rage manne da fata ki bar shi. Bayan sati ɗaya ko biyu gashi zai tsiro ya ɗaga shi, mataji ya samu wurin shiga. Kowane zama kada ya wuce minti 10 zuwa 15. In kin ga yana numfashi da sauri, hanci na rawa, ido ya firfito, ki sake shi, gobe ma rana ce. Akwai masu kwantar da zomo rigingine ya yi shiru kamar ya suma, su ce daɗi yake ji. Tsananin tsoro ne ke sandarar da shi. In za a gyara ciki, mutum biyu ake so: ɗaya ya riƙe shi a zaune, bayansa jingine da ƙirjinsa, ɗaya ya yi aikin.

Amma Hajiya, bisa ga abin da kika faɗa, wata biyar da wanka biyu, zato na shi ne cikinsa da gindinsa sun riga sun zama fata guda. Idan haka ne, kada ki wahalar da kanki ki wahalar da shi. Wannan aikin injin aski ne, kuma gara ki kai shi wurin likitan dabbobi. Injin wanzamai na mutane yakan shaƙe da ulu, bakinsa ya yi zafi ya ƙona fata, shi ya sa mai askin zomo ke yawan taɓa bakin injin a bayan hannunsa. Wani lokaci dole a ba zomon maganin barci kaɗan. In za ki kai shi, kada ki hana shi abinci kamar yadda ake yi wa kare ko mutum kafin tiyata. Zomo ba ya amai, kuma cikinsa bai kamata ya zauna wayam ba. Ki tafi da ciyawarsa, ki fita da sassafe, kada a sa shi cikin kwali rufaffe ko bayan mota cikin rana.

Ko ke za ki yi ko wani, akwai wuraren da ba a taɓawa. Gashin tafin ƙafa shi ne takalminsa, don zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare da kyanwa. Idan aka aske, dunduniya ta fara gyambo, warkewarsa da wuya. Dogayen gashin baki ma a bar su. A ciki kuma a lura da kan nono, da marainan namiji, da ita wutsiyar kanta wadda ke ɓoye cikin gashi.

Yanzu ga ainihin shawarata, wadda na san ba za ta yi wa ɗiyarki daɗi ba. A Yamai, zomo mai dogon gashi bai kamata ya shiga bazara da gashinsa ba. Zafin jikin zomo mai lafiya wajen digiri 39 ne. Ba ya gumi, kuma ba ya iya haki yadda kare ke yi ya huce. Daga digiri 30 ya fara wahala, daga 35 ransa na cikin haɗari. Mu kuwa a Afrilu da Mayu kin san yadda rana ke wuce 40, a ƙarƙashin rufin kwano ma ta fi haka. Zomon da ke ɗauke da bargon ulu a wannan lokaci kamar a ce mutum ya yini a kasuwar Katako cikin rigar sanyi ne. Ni abin da nake gaya wa duk mai irin wannan zomo shi ne: a rage gashin zuwa santimita 1 ko 2 tun farkon Maris, a riƙa maimaitawa duk wata ko wata ɗaya da rabi har ƙarshen Oktoba. Kada a yi masa ƙwal, domin fatar da ba gashi rana na ƙona ta, sauro da ƙuda kuma su samu wurin sauka. Askin kaɗai bai isa ba. A ajiye kejinsa a inuwa mai iska, gindin bishiya ko ɗakin ƙasa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen da iska ke shigowa, a sa masa gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe da tsumma ya jingina. Idan wuta ta ɗauke ba ƙanƙara, randa ko tulu mai ruwa yana yin wannan aiki, za ki ga ya je ya miƙe a jikinsa da kansa. In kin tarar da shi kwance, kai a ɗage, baki buɗe, hanci a jiƙe, ki shafa masa ruwan randa a kunnuwa, ki sa shi gaban fanka, ki nemi likita nan take. Kada ki tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Da damina ta faɗi kuma, wata fitinar ke tasowa, ita ce ta gindin wutsiya da kika ambata. Zomo yana yin kashi iri biyu. Akwai busasshe mai kama da ƙwallo da kike sharewa, akwai kuma mai laushi mai wari, wanda yake ci kai tsaye daga jikinsa, yawanci da dare ko da sassafe. Ba ƙazanta ba ce, abincinsa ne, daga nan yake samun wani kaso na bitamin da furotin. Idan gashi ya toshe wurin, wannan kashin sai ya maƙale, fitsari ya jiƙa shi, koren ƙuda ya zo ya yi ƙwai. Cikin yini ɗaya ƙwan yana ƙyanƙyashewa, tsutsa ta fara cin fata a ƙarƙashin gashin. Na taɓa ɗaga ƙulli a gindin wani zomo da aka ce mini kwana biyu kawai ya yi ba ya walwala. Daga sama gashin fari tas. Da na buɗe, wurin ya kai faɗin tafin hannun yaro yana motsi, warin kuma ya cika ɗakin. Bai kai gobe ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini zomo mai gashi, gindinsa nake fara dubawa kafin fuskarsa. Ke ma daga Yuni zuwa Satumba ki ɗaga wutsiyarsa safe da yamma, ki bar gashin wurin gajere kullum. In ya ɓaci, ki goge wurin kaɗai da tsumma mai ɗan ruwan ɗumi, ki busar sosai. In kika ga tsutsa ko da guda ɗaya ce, kada ta kwana ba a kai shi likita ba.

Gashin da yake lasa kuwa cikinsa yake tafiya, kuma na gaya miki ba ya amai. Abin da ke tura gashin ya fita ta baya shi ne ciyawa mai kaushi da ruwa. Ki riƙa duba kashinsa in kina shara. Idan kin ga ƙwallayen sun jeru a zare kamar carbi, gashi ne ya haɗa su, alamar yana haɗiya da yawa, sai ki ƙara tajewa da ciyawa. Idan sun ƙanƙance sun bushe, ko suka ragu, hanji ya fara sanyi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, yana bakin mutuwa ne ko da yana zaune kamar lafiyarsa ƙalau. Ana yawan cewa gwanda ko abarba na narkar da gashi a ciki. Ba sa narkarwa, zaƙinsu ma yana iya ɓata cikin in an yawaita. Ki ba shi busasshiyar ciyawa kullum, tulin da ya kai girman jikinsa. Ciyawar burgu ta bakin kogi tana da kyau in an shanya ta bushe. Harawar wake da ta gyaɗa suna taimaka wa mai fitar da ulu don suna da ƙarfi, amma a gauraya su da ciyawa, kada su zama su kaɗai. Dusa kuwa kaɗan, domin zomon da ya ƙoshi da dusa ba ya cin ciyawa, ya yi ƙiba, ya kasa lanƙwasawa ya gyara bayansa. Ruwa a kwano mai nauyi, a canza sau biyu a rana.

Sai abin da ya shafe mu a nan musamman, ƙarangiya. Ciyawar da ake kawowa daga daji a amalanke ba ta rabuwa da ita, kuma ƙwaya ɗaya in ta shiga gashin angora, a kanta ƙulli ke ginuwa. Sau da yawa in na tsaga ƙulli, ita nake tararwa a tsakiya. Ki kakkaɓe ciyawar ki tsince kafin ki ba shi, ki sa ta a ragar waya a jikin keji yadda zai riƙa ja da baki, kada ya kwanta a kai. Garin katako na kafintoci ma kada a shimfiɗa masa, yana shiga gashi ya ƙi fita.

Idan bayan aski kika ga amosani fari yana zuba daga gadon bayansa, ko ɓawo ya cika cikin kunne, ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani sosai. Likita yana da maganinsu, yawanci ibermektin ne da ake aunawa bisa nauyin zomon. Kada ki ɓamɓare ɓawon kunne, da magani ya kama zai zube da kansa. Ina roƙonki da girman Allah kada a shafa masa kalanzir, ko baƙin mai, ko fiya-fiya. Maganin ƙuma na karnuka mai fifronil, irin su Frontline, yana kashe zomo. Amoksisilin da ake ajiyewa a gida ma in aka ɗura masa ta baki yana kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, ya mutu da zawo. Ƙaramin rauni na almakashi, maganin wanke rauni Bétadine da aka sirka da ruwa ya ishe shi. Idan kuma kin ga haɓarsa kullum a jiƙe da yawu, gashin wurin na dunƙulewa, a duba haƙora, don haƙoran zomo ba sa daina tsawo har ya mutu.

Da zarar an yi askin nan, aikin zai yi sauƙi: tajewa sau biyu ko uku a sati, minti biyar, ki haɗa da hura gashin da na nuna miki. Ki sa ɗiyarki ta zauna kusa tana ba shi ɗan ganyen salati ko na karas lokacin da kike tajewa, zai saba ya daina gudu, ita ma ta koyi riƙonsa. Ki gaya mata gashin bai tafi ba. In aka yi askin ƙarshe a Oktoba aka bar shi, kafin tsakiyar Disamba, lokacin da hunturu ya sauka, zai kai wajen santimita 6 ko 7, ta samu audugarta har ƙarshen Fabrairu.